Ana Son Aikin, Ana Ƙyamar Mai Aikin: Abin da Bincike Ya Gano Kan Tsangwama a Wuraren Sana'a, Daga Kankiya da Kusada

Mafi yawan binciken da masana zamantakewa da na halayyar ɗan Adam suka gudanar a kan tsangwama a wurin aiki an yi shi ne a kamfanoni da ofisoshin Turai da Amurka, inda ake ɗaukar ma'aikaci da takarda, a kuma sallame shi da takarda. A ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada da ke tsakiyar Jihar Katsina kuwa, waɗanda ƙidayar 2006 ta nuna ta farko tana da mutum sama da 150,000, ta biyu kuma kusan 100,000, wurin aikin akasarin jama'a shi ne gona da kasuwa da maƙera da rumfar nama da tasha, sai 'yan kaɗan da ke sakatariya da makarantu da asibitoci. Duk da wannan bambanci, tambayar da ke gaban mai nazari ɗaya ce a ko'ina, wato me ya sa al'umma take buƙatar wani aiki kullum amma ta ƙasƙantar da wanda yake yi mata shi, kuma me ya sa ake yanke hukunci a kan iyawar mutum tun kafin a ga aikin hannunsa.

Masana sun rarrabe abubuwan da a maganar yau da kullum ake cuɗa su wuri ɗaya. Akwai kuɗin goro, wato a ɗauki hali guda a liƙa wa dukan mutanen wani rukuni, kamar a ce mahauta masu zafin rai ne, ko makaɗa ba su da kunya, ko mace ba ta iya riƙon shugabanci. Ɗan jaridar Amurka Walter Lippmann, wanda ya shigo da batun cikin nazarin zamantakewa a 1922, ya ɗauke shi a matsayin hoton da mutum yake yawo da shi a ka, wanda yake riga ido ganin abu. Akwai ƙyama, wadda mazauninta zuciya ce, kuma Gordon Allport a littafinsa na 1954 ya bayyana ta da cewa ƙiyayya ce da aka gina a kan zato maras tushe wanda hujja ba ta kawar da shi. Sannan akwai tsangwama, wadda Erving Goffman ya yi wa littafi sukutum a 1963, yana nufin tabon da ke rage darajar mutum a idon jama'a har a daina kallonsa a matsayin cikakken mutum. Ya kasa wannan tabo gida uku, na jiki kamar naƙasa, da na halin da ake jingina wa mutum kamar taɓin hankali ko zaman kurkuku, da na asali wanda ɗa ke gada daga iyaye. Wariya kuwa ita ce fitowar waɗannan duka a aikace, lokacin da aka hana mutum aiki, ko ciniki, ko ƙarin girma.

A ƙasar Hausa, tabon da ya fi daɗewa a fagen aiki shi ne na sana'ar gado, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yi masa nazari mai zurfi shi ne M. G. Smith, wanda ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya kuma buga maƙalarsa a kan tsarin matsayi na Hausawa a 1959. Smith ya nuna cewa sana'ar namiji ita ce babban ma'aunin matsayinsa, inda masu sarauta suke sama, malamai da attajirai suke biye, galibin manoma da masu sana'ar hannu suke tsakiya, sannan mahauta da makaɗa da maroƙa da barori da 'yan dako suke ƙasa. Ya kuma lura da bambancin da ake yi tsakanin karda, wato sana'ar da mutum ya tarar a gidansu, da shigege, wadda ya shiga da kansa, inda ɗan gado ya fi ɗan shigege kwarjini a cikin sana'ar. Wannan tsari yana da fuska biyu, domin gadon da ke ba ɗan maƙeri izinin zama a bakin zugazugi da alfahari shi ne kuma yake ɗaure shi a can, ya sa duk inda ya shiga a fara tambayar gidansu kafin a tambayi abin da ya iya.

Duk wanda ya dubi aikin wanzami da idon basira zai ga inda wannan al'ada take tufka da warwara. Ranar suna shi ake miƙa wa jariri ɗan kwana bakwai ya yi masa aski, shi ake kira kaciya da cire beli, shi yake ɗora wa dattijo ƙaho a baya ya tsaga ya zuƙe jini, kuma ba kowane namiji ne yake shiga cikin gida kamar yadda yake shiga ba. Amana ba ta wuce wannan, amma a gidaje da yawa idan ɗansa ya zo neman aure sai magana ta canza. Haka majemi, wanda yake jiƙa fata a ruwan toka, ya kankare gashi, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa har ta yi laushi, ana gudun warin majema amma ana son takalmi da buzu da gafakar da ake adana Alƙur'ani a ciki. Everett Hughes na Jami'ar Shikago ya kira irin wannan da aikin ƙazanta tun shekarun 1950, yana nufin aikin da jama'a suke ɗora wa wasu domin su kansu su zauna da hannu mai tsabta, sannan a 1999 Blake Ashforth da Glen Kreiner suka faɗaɗa nazarin, suka nuna ƙazantar da ake jinginawa tana iya zama ta jiki, kamar jini da kashi, ko ta zamantakewa, kamar yi wa wani bauta, ko ta ɗabi'a, kamar sana'ar da ake zargi da saɓo. Sun kuma gano cewa masu irin wannan aiki sukan ƙulla zumunci mai ƙarfi a tsakaninsu, su gina wa kansu abin alfahari, kuma wannan ya yi daidai da abin da ake gani a tsakanin rundawa, wato mahauta, da Sarkin Pawarsu da kiɗan kalangunsu da yadda suke tsaya wa juna ranar biki da ranar rashi.

Adalci ne a faɗi cewa tsarin Hausawa bai kai tsananin na wasu al'ummomin Afirka ta Yamma ba, domin nazarin Tal Tamari na 1991 ya nuna cewa a tsakanin Mande da Wolof da Tukulor akwai gidajen maƙera da maroƙa waɗanda bisa al'ada ba sa auratayya da sauran jama'a ko kaɗan, alhali a ƙasar Hausa mutum yana iya barin sana'ar gidansu, ya yi karatu ko fatauci, jikokinsa su tashi da wani suna. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kasa gidajen noma 171 rukuni huɗu bisa ƙarfinsu na jure mummunar damina, ta kuma nuna cewa abin da ya fi raba mutanen ƙauye shi ne wadata da rashi, har wasu talauci yakan hana su noma gonarsu saboda dole su tafi ƙwadago a ta wani. Idan aka haɗa Smith da Hill, sai a ga cewa tabon sana'a yakan yi sauƙi a kan mai hali, ya yi nauyi a kan matalauci. Addini ma bai ba wannan ƙyama mafaka ba, domin mazhabar Malikiyya da ake bi a Katsina ta gina cancantar aure a kan addini da kuɓuta daga aibin da ke sa a raba aure, ba ta gina ta a kan sana'a ba, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) an yi masa ƙaho ya biya mai ƙahon ladansa, Annabi Dawud maƙerin sulke ne, Annabi Zakariyya kuma masassaƙi. Abin takaici ne a ce al'adar da ba ta da wannan goyon baya ta fi karatun da ake yi a zaure ƙarfi a zukata.

Yankin Kankiya yana da shaida a kan cewa tabo yana iya gogewa, kuma shaidar ita ce rayuwar Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, saboda a wurinsa waƙa roƙo ce, roƙo kuwa bai dace da ɗan gidansu ba. Amma mutumin da aka so a hana shi ne aka zaɓa kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, shi ne kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa na dakta a 1988. Sai dai masu nazarin kuɗin goro sun daɗe da lura cewa shahararren mutum ɗaya ba ya wanke 'yan uwansa, domin jama'a sukan ware shi su ce shi daban ne, su ci gaba da kallon saura yadda suka saba. Darajar Shata ba ta hana a ce wa ƙaramin makaɗi ya zauna a ƙasa ba.

Da zuwan aikin albashi, tabon ya sami sabbin wurare, kuma mafi muninsa shi ne wanda ya shafi cuta. Babbar Ruga da ke gefen Katsina an kafa ta ne a zamanin mulkin mallaka domin masu cutar kuturta, daga baya kuma, bayan likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara aikin gyaran yoyon fitsari a can a shekarun 1980, ta zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. Cututtukan biyu duk suna warkewa, amma wanda ya warke daga kuturta da yatsu a guntule, ko matar da aka yi wa ɗinki ta koma gida, sukan tarar ba mai son sayen abinci a hannunsu. A 2004, Kabir da Iliyasu da abokan aikinsu na Kano sun buga binciken da suka yi da manya 250 a ƙauyen Karfi a kan taɓin hankali, inda suka samu kusan rabin waɗanda aka tambaya suna ɗauke da mummunan ra'ayi game da masu wannan lalura, kuma dalilin da aka fi ambata shi ne shaye-shaye, sai ƙaddara, sai sihiri da iskoki. Ma'anar wannan ga ma'aikaci ita ce, malamin makarantar da ya kwanta ciwon damuwa yana fuskantar zargin cewa shi ya jawo wa kansa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ma'aikatan lafiya kansu ba su tsira ba. Binciken da Chen Reis da abokan aikinta suka yi a 2002 suka buga a 2005, wanda ya ƙunshi ma'aikatan lafiya 1,021 a jihohi huɗu ciki har da Kano, ya nuna kashi 9 cikin 100 sun taɓa ƙin duba mai cutar ƙanjamau, kashi 59 suna ganin a ware musu ɗaki daban, kashi 40 kuma suna ganin bai kamata a bar ma'aikacin lafiya mai ɗauke da cutar ya yi aikin da zai haɗa shi da marasa lafiya ba. Georgina Ahamefule, ma'aikaciyar jinya da aka kora daga aiki a Legas a 1995 saboda gwaji ya nuna tana ɗauke da cutar, sai a 2012 kotu ta tabbatar an zalunce ta, ta ba ta diyyar naira miliyan 7. Goffman ya bambanta mai tabon da ake gani da mai tabon da ke ɓoye, ya ce nauyin na biyun shi ne rufin asiri, kuma a ƙaramin gari inda mai ba da magani ya san surukan mai karɓa wannan nauyi ba ƙarami ba ne, har yakan sa mutum ya tafi wani gari karɓar magani, ko ya daina karɓa. Tunda Kankiya gari ne da ke da makarantar koyar da fasahar kiwon lafiya wadda ɗalibanta suke bazuwa a asibitocin ƙauyukan jihar, abin da aka koya musu a kan sirrin marar lafiya da na abokin aiki yana da tasirin da ya wuce garin.

Mata ma'aikatan jinya da ungozomomin asibiti suna ɗauke da nasu kason. Magidanta da yawa ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwar matansu, amma su ɗin dai ba sa son 'yarsu ko matarsu ta yi aikin dare, kuma maganganun da ake yaɗawa a kan mai aikin dare sun isa su hana yarinya shiga makarantar jinya. Shirin horar da mata domin aikin lafiya da gwamnatin Birtaniya ta tallafa daga 2012 a jihohin Katsina da Kano da Jigawa da Zamfara da Yobe ya gane wannan, shi ya sa bai tsaya ga koyarwa ba, sai da ya nemi yardar iyaye da mazaje da shugabannin al'umma kafin a tura yarinya karatu. Ba ma'aikatan jinya kaɗai abin ya shafa ba, domin Hannah Hoechner, a littafinta na 2018 a kan almajiran Kano, ta nuna yadda yaran da suke yi wa gidaje wanke-wanke da aike da ɗibar ruwa suke shan raini daga masu gidan da ba sa iya yini ba tare da su ba. A 'yan shekarun nan kuma matsalar 'yan bindiga a Jihar Katsina ta sa ana yi wa Fulani makiyaya kuɗin goro a kasuwannin dabbobi da tashoshin mota, wai wake ɗaya ke ɓata gari, alhali da yawansu su ne farkon waɗanda aka kwashe wa shanu.

Babban ci gaban da aka samu a wannan fanni shi ne masana sun koyi auna wariya maimakon tambayar mutane ko suna yin ta, domin ba kowa ne zai amsa laifinsa ba. A binciken da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka buga a 2004, sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Shikago, takardun masu ƙarfi iri ɗaya, sai dai wasu da sunayen da aka san fararen fata da su, wasu da na baƙaƙe, kuma masu sunan farare suka fi samun kira da kashi 50 cikin 100. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya, Karla Hoff da Priyanka Pandey sun ba yara maza 'yan makaranta wasan warware rikitacciyar hanya a takarda, ana biyan su bisa abin da suka warware. Lokacin da ba a ambaci asalin kowa ba, 'ya'yan gidajen da ake rainawa sun yi daidai da saura, amma da aka kira sunan kowa da na rukuninsa a bainar jama'a sai ƙoƙarinsu ya faɗi ƙasa. Wannan ya dace da abin da Claude Steele da Joshua Aronson suka bayyana a 1995, cewa tsoron tabbatar da abin da ake faɗa a kan mutanenka yana cinye hankalin da ya kamata ya tafi ga aiki, kodayake gwaje-gwajen baya-bayan nan sun nuna ƙarfin wannan tasiri yana bambanta daga wuri zuwa wuri. Darasin ga shugaban ma'aikata shi ne, kiran ma'aikaci da ɗan mahauta ko gurgu a gaban abokan aikinsa, ko da cikin raha ne, yana iya rage aikin da za a samu daga gare shi, sannan a dawo a kafa hujja da raguwar.

Bruce Link da Jo Phelan sun ƙara wani abu mai muhimmanci a 2001, inda suka nuna tsangwama ba ta cika sai da iko, domin talaka ma yana yi wa mai mulki kuɗin goro, amma nasa ba ya hana kowa aiki. Wannan ne ya sa doka take da wuri a cikin maganar. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda ƙabila ko jinsi ko addini ko yanayin haihuwarsa. Nijeriya ta amince a 2002 da yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ambaci asalin zamantakewa a cikin abubuwan da ba a yarda a yi wariya a kansu ba. Dokar 2014 ta hana a sanya gwajin ƙanjamau sharaɗin ɗaukar aiki. Dokar masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Raunin duk waɗannan shi ne sun fi amfanar mai takardar ɗaukar aiki, alhali yaron shago a Kusada ko mai tallan fura ba su da kotun da za su kai ƙarar wanda ya ƙi sayen kayansu.

Saura tambayar abin da yake rage ƙyama, kuma a nan Arewacin Nijeriya ya ba da gudummawar da masanan duniya suke kafa hujja da ita. Allport ya yi hasashen cewa cuɗanya tana rage ƙyama idan ɓangarorin suna matsayi ɗaya, suna aiki don buri ɗaya, kuma hukuma tana goyon baya, sannan Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara bincike 515 a 2006 suka samu galibinsu sun gaskata shi. A Kaduna, Alexandra Scacco da Shana Warren sun gwada wannan da samari Musulmi da Kirista 849, inda aka ba wasu daga cikinsu horon kwamfuta na mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a aji na addini ɗaya, aka buga sakamakon a 2018. Abin da samarin suke faɗa a kan juna bai sauya ba, amma da aka ba su kuɗi su raba, waɗanda suka yi aji mai gauraye sun nuna bambanci ƙasa da waɗanda suka zauna da 'yan addininsu kaɗai, kuma alamu sun nuna zaman ware ɗin ne yake ƙara wariyar. Ma'ana, hannu yana iya gyaruwa kafin zuciya, kuma ma'aikacin da ake zalunta gyaran hannun ya fi buƙata da gaggawa.

Idan aka ɗauki wannan da muhimmanci a Kankiya da Kusada, matakan da za su yi tasiri ba su da tsada: a rubuta sharuɗɗan ɗaukar aiki da ƙarin girma kafin a ga masu nema, a tantance takardu ba tare da sunan unguwa ko na uba ba, a daina raba horon sana'a bisa rukuni ta yadda masu naƙasa za su koyi ɗinki ko walda a rumfa ɗaya da kowa, a kuma hukunta ma'aikacin da ya tona sirrin lafiyar abokin aikinsa. A kasuwa, inda takarda ba ta aiki, nauyin yana kan hakimai da dagatai da sarakunan sana'a da limamai, domin su ne masu ikon da Link da Phelan suka yi magana a kai. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma kuwa suna da ɗaliban da suka fito daga waɗannan garuruwa, waɗanda za su iya auna ko ɗan wanzami mai digiri yana samun kira daidai da ɗan hakimi mai irin digirinsa, da ko farashin da ake taya Bafillace a kasuwar Charanchi daidai yake da wanda ake taya maƙwabcinsa a kan sa iri ɗaya.